Baffa da Fatar Gwanki

"Ango, an tashi lafiya? Ya gajiyar daji?"

"Gajiya tana ga ragwaye irinki. Ni ko yanzu aka ce a koma, ni ne a gaba."

Rumasa'u ce, 'yata ta uku, durƙushe gaban kakanta Baffa a zauren gidanmu na Rijiyar Lemo. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina ta goge takalmin da babu ko ƙura a jikinsa, don kunnena yana wajensu. Yarinyar ta samu gurbin karatun kula da namun daji, kuma Litinin ake rufe rajista. Na kasa cewa e, na kasa cewa a'a, sai na yi wayon raggo na ce magana tana hannun mahaifina. Shi kuma ya ce mace da daji sai in itace za ta yo. Shi ya sa jiya ta tayar da gidan kaf, muka cika mota muka yini a dajin Falgore.

Baffa ya shekara arba'in yana dillancin fatu a Kasuwar Sabon Gari. Ko ido rufe ya shafa fata zai faɗa maka dabbar, amma galibinsu bai taɓa ganinsu da rai ba.

"Ashe jarumin nawa ya iya gudu," in ji ta. "Mugun dawa yana leƙowa daga ciyawa, sai ga ka cikin mota har da ɗaga gilashi."

"Hulata na je ɗaukowa."

"Tana kanka fa."

"Ɗaya hular. Ke kuma wa ya tsuguna gaban mutane yana tona kashin dabba da tsinke? Tun a can na sake ki, kunya ce ta hana ni faɗa."

"Da tsinken nan na gane kashin sabo ne, na ce mu bi ta bakin rafi. In ba don shi ba, ina za ka ga gwanki?"

Nan ta tona masa asiri. Lokacin da gwankin ya fito daga cikin bishiyoyi ya tsaya a gindin dutse, kowa ya ɗauke numfashi, Baffa kaɗai ya matsa kusa da ma'aikacin dajin da ya raka mu ya ce wannan fatar ba tabo ko ɗaya, in ta samu majemi na ƙwarai za a yi buzu biyu. Mutumin ya yi masa wani kallo, har sai da na ba da haƙuri.

"Yabo na yi wa gwankin," in ji Baffa. "Mu haka muke yabo."

"Shi ya sa ya juya maka baya ya tafi."

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya mata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, jibi Litinin."

Na san in tsohon nan ya ce a'a, ba mai sake tayar da maganar. Ya daɗe yana murza carbi.

"Fatar gwanki nawa ta bi ta hannuna," in ji shi a hankali. "Sai jiya na ga yana numfashi a cikinta. Kuma ke kika kai ni."

Daga nan ya gyara zama, ya ce ai tun bayan sallar asuba ya tsayar da mutanen masallaci ya ba su labari. Ya gaya musu jikarsa tana karanta ƙasa kamar allo, ta nuna wa ma'aikacin daji hanya a dajinsa, ta nuna musu gwanki da birai da zaki.

"Baffa, ba mu ga zaki ba."

"To na riga na faɗa, har liman ya ji. Tashi ki je ki yi rajistar, ki nemo mini shi, kada ki mai da ni maƙaryaci a unguwa."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya tana hawaye. Ni ma sai na ajiye takalmin.