Ranar da Surukina Ya Tura Mota

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na sayi bas ɗin ɗaukar kaya ba. Guda biyu dillali ya nuna mini a Ƙofar Wambai, duk na hannu: wata fara mai tsada, da wata shuɗiya mai araha. Ita shuɗiyar, duk lokacin da na je sai in tarar da ita a kan gangara, inji na ta aiki. Ni a zatona lafiya ce ta yi mata yawa.

Matata Rabi, wadda ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta cika mini kuɗin, ta ce, "Baban Ummi, ka taɓa ganin an kashe ta an sake tayarwa?"

Na ce, "Ke me kika sani game da mota?" (Ni ɗin ma babur kaɗai na taɓa mallaka.)

Ranar da aka damƙa mini shuɗiyar, ko gida ban biya ba, na zarce Zungur kwaso masarar mahaifin Rabi, don ya ga gwal ɗin 'yarsa bai tafi a banza ba. Dattijo ne da ko ruwa ba na iya sha a gabansa. Na tsaya a gona, fili shimfiɗaɗɗe, na kashe mota ina karkaɗa makulli.

Aka gama lodi, masu lodi suka watse. Na murɗa makulli, shiru. Na sake, shiru. Sai a lokacin na gane amfanin gangara.

Baba ya tuɓe babbar riga ya ninke.

"Baba, don Allah bari in nemo mutane."

"Zauna, ɗana. Ni ban iya tuƙi ba."

Ya tura, ya tura, har ta tashi ta bula masa baƙin hayaƙi a gemu. Tsoron kada ta mutu ya hana ni tsayawa, sai ji na yi bakina ya daka wa surukina tsawa: "Yi gudu ka hau mana!"

Ya kuwa yi gudun. Da ya zauna yana haki, na rasa inda zan sa fuskata. Can ya ce, "Ka sayar da buhu biyu ka gyara ta. Kada Rabi ta ji." Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Rabi ta ji, tun kafin mu shigo gari. Yanzu ko fanka zan saya, sai an kashe an kunna, kuma da ita nake zuwa.