Ranar da Hadari Ta Karanta Laifinta

"Lafiya lau na kwana, sai dai ganin fuskarka da sassafe. Sauko daga kan teburin nan kafin ka karya shi."

Mai maganar ita ce shugabar sashen ɗinki a wani kamfani da ke ɗinka kayan makaranta. Telolinta suna kiranta Hadari a bayan idonta. Wanda ke tsaye a kan tebur yana gyaran fankar ɗakin taro kuwa makanikin kamfanin ne, ɗan kawunta, taubashinta, shi kaɗai ke kiranta da sunan a gabanta. Kwanakin baya kamfani ya raba wa ma'aikata tambayoyi don jin ra'ayinsu game da aiki, aka ce kada kowa ya sa suna. Sakamako ya fito, manaja ya ce kowane shugaba ya zauna da mutanensa su tattauna. Nata ya fi na kowa muni, ga shi ƙwararrun telolinta biyu sun fara zancen barin aiki.

"Fanka nake gyara miki, Hadari. Yau za ki yi gumin da ba ki taɓa yi ba."

"Ni? A gaban wa?"

"A gaban waɗanda suka ce ba kya jin magana."

"Kai, bawana, tsaya. Wa ya rubuta cewa idan na shigo, har allura sai ta nemi wurin ɓuya?"

"Aljanu."

"Da kai suke cin abinci. Ka san rubutun kowa."

"Na sani. Ko za ki ɗinke mini baki da keken nan, ba zan faɗa ba. An ce babu suna, babu suna. Kuma wa kike kira bawa? Uwarki a bayan ubana ta yi wayo."

"Shi ya sa har yau take ciwon wuya, garin kau da kai, don warin man inji gado ne a gidanku."

Ya sauko yana goge hannu a jikin wandonsa. "Bari in gaya miki yadda za ki yi, don na san ki tun kina cin ƙasa. Za ki karanta inda aka ce kina riga kowa zuwa, ki naɗe takardar, ki ce, 'Da mai magana?' Wanda ya motsa ki harare shi. A tashi."

"Haka shugaban sito ya yi jiya. Ni ka ga na yi kama da matsoraciya?"

"Wanzami ba ya son jarfa."

"Wannan wanzamiyar da kanta za ta miƙa goshi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk abin da ke ciki sai na karanta, har da zagin."

"Karantawa ba wuya. Ki yi shiru wani ya kai ƙarshen maganarsa, nan ne gizo ke saƙa. Ke da ko limami ne ke huɗuba sai kin so ki ƙarasa masa."

"Kai da ake ce maka kawo sifana ka kawo labari? Zauna ka sha kallo."

Teloli suka shigo ɗakin taron, kowa yana neman kujerar baya. Hadari ta bar babbar kujerar da ke gaba, ta ja benci ta zauna a tsakiyarsu. Na kusa da ita suka ɗan matsa.

"Kun rubuta, ni kuma zan karanta," ta ce. "Ba na neman wanda ya rubuta. Na nema ɗazu, wannan mugun ya hana ni, kuma ya yi daidai, karo na farko tun da aka haife shi."

Ta karanta. An ce ba ta sauraro. An ce tana jefo wa mutum ɗinkinsa ba ta faɗi inda ya ɓaci ba. An ce ana sauya lokacin tashi ba sanarwa. An ce albashi ya yi kaɗan. Ta karanta har zancen allurar.

Can sai wata dattijuwa mai yankan yadi ta gyara zama. "Shugaba, maganar lokacin tashi gaskiya ce. Jikokina a ƙofar makaranta suke jirana har a rufe."

"Ai ba ni ce..."

Makaniki ya buga sifana a ƙafar tebur. "Ku gafarce ni, ƙusa ce ta kwance."

Hadari ta harare shi, ta haɗiye sauran maganar. "Ci gaba, Baba, ina ji."

Dattijuwa ta ƙarasa. Wani ya ɗora, wata ta ɗora, har ɗaya daga cikin masu shirin tafiya ya ce shi ba faɗa ke damunsa ba, yi masa a gaban sababbi ne. Hadari tana ta murza bakin mayafinta kamar za ta yaga shi, amma ba ta katse kowa ba.

"To," ta ce daga ƙarshe. "Lokacin tashi da yadda nake mayar da ɗinki, a hannuna suke, daga gobe za ku ga canji. Ƙarin albashi ba nawa ba ne, ba zan yi muku ƙarya ba. Zan kai wa manaja, abin da ya ce zan dawo muku da shi, ko mai daɗi ko mai ɗaci. Amma ɗinkin da ya karkace zan ci gaba da mayarwa, ko za ku rubuta littafi a kaina."

Aka yi 'yar dariya. Makaniki ya ɗauki akwatinsa zai sulale.

"Ina za ka? Akwai saura." Ta juya takardar. "An ce, 'Idan keke ya lalace, kafin makaniki ya zo gizo-gizo ya yi aure a ciki har ya yaye 'ya'ya.'"

Ɗaki ya kece da dariya.

"Ƙarya ne. Wa ya rubuta wannan?"

"Aljanu," in ji Hadari.

"Wannan sharrinki ne, ke kika ƙara."

"Zo ka duba. Laifi tudu ne, ɗan kawu. Dawo ka zauna a bencin nan, ka yi shiru su gama."

Ya dubi teloli, kowa ya zuba masa ido. Ya ajiye akwatin, ya laluba aljihu ya ciro wata alewa da takardarta ta yi baƙi da man inji, ya miƙa mata yana dariya.

"Ungo, kin ci wannan. Matsa mini in zauna. Baba, fara da ni a hankali, ni ba ni da fatar Hadari."