Rasuwar Baba Ma'auni, Mai Raba wa Kwamfutoci Kaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargabar da ba za mu ɓoye muku ba, ni Uwaisu Lado, mai kula da kwamfutocin Ƙungiyar Hasashen Damina da ke nan Dutse, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar NODE_SAFE_MEM, wanda muka fi sani da Baba Ma'auni. Ya rasu ranar Litinin da hantsi, damina na tsakiyarta, bayan doguwar jinya.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, shi layi ɗaya ne na rubutu a cikin fayil ɗin saitinmu, inda muke rubuta wa kwamfutoci umarni. Muna aiki da wata manhaja ta kyauta wadda 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suke rubutawa. Aikinta ta ɗauki babban lissafi, ta yanyanka shi, ta raba wa kwamfutoci da yawa. Namu kwamfutocin tsofaffi ne, 'yan gwanjo. Lissafin da suke yi na ruwan sama ne da tashin kogi, da shi muke tura wa manoman fadamar Ringim saƙon waya, mu ce su kwashe amfani ko su dakata. Duk sanda manhajar ta tashi, marigayin take fara dubawa, shi yake faɗa mata iyakar kayan da kowace kwamfuta za ta iya ɗauka.

Oga Dalyop, wanda na gada a wannan aiki, shi ne ya rubuta shi da hannunsa, tun ƙungiyar tana ɗaki ɗaya. Tun daga ranar bai taɓa fashi ba. Ya kasance mai adalci da rufa asirin raunana, bai taɓa bari an ɗora wa ƙaramar kwamfuta abin da zai kayar da ita ba. A zamaninsa, in ka shiga ɗakin, fankokinsu za ka ji suna "huuum" da murya ɗaya, in lissafi ya kammala a ji "ɗit", shi ke nan.

Ciwon ya fara ne damina biyu da suka wuce. Wani rubutu mai ruwan ɗorawa ya riƙa fitowa kowace safiya, yana cewa an daina amfani da wannan suna, za a cire shi nan gaba. Bai faɗi yaushe ba. Abokiyar aikina Munira ta rubuta wa masu manhajar tana roƙon a bar mana shi. Suka amsa mata cikin ladabi cewa sabuwar manhajar da kanta take auna kaya, kuma masu irin kwamfutocinmu ba su da yawa a duniya yanzu. Muka ci gaba da lallaɓa tsohuwar, har aka sauya tsarin bayanan ruwan saman da muke saukowa, ya zama sabuwar kaɗai ke iya karanta su. Dole ta sa muka sabunta a ranar Litinin ɗin nan.

Marigayin ya cika ba tare da ko tari ba. Rubutun nan mai ruwan ɗorawa ya ɓace, har Munira ta yi hamdala, ta ɗauka sauƙi ya samu. Sunansa na nan a inda yake, ko harafi bai goge ba, sai dai babu mai duba shi kuma. Fankokin suka koma kuka kamar injin niƙa. Ƙananan kwamfutocin suka riƙa karɓar kayan da ya fi ƙarfinsu, suna zubarwa a hanya, babbar cikinsu mai tattara lissafi kuma tana haɗa abin da ya iso mata ta fitar da sakamako tsaf, har da "ɗit" ɗinsa. Ranar Laraba saƙonmu ya fita cewa babu barazana.

Washegari Malam Ɗayyabu, shugaban manoman shinkafa na wani ƙauye a gefen Ringim, ya kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Uwaisu, saƙonku ya ce mu kwantar da hankali. To ga ni tsaye a gona, ruwa ya kawo mini gwiwa. Wanne zan gaya wa mutane, naku ko na ƙafata?" Na ce, "Baba, na ƙafarku." Da wannan kiran muka san an yi mana rasuwa.

Ya rasu ya bar mahaifinsa Oga Dalyop, wanda ya yi ritaya ya koma Jos, idanunsa ba sa ganin allo yanzu. Ya bar kwamfutoci marayu, biyu daga ciki ba sa tashi. Ya bar ƙannensa a fayil ɗin, layuka uku, waɗanda rubutu mai ruwan ɗorawa ya fara ambaton sunayensu tun shekaranjiya. Ya bar manoman da suka saba cewa in waya ta yi shiru, lafiya ce. Mun dakatar da saƙo har sai mun gano yadda za a auna kaya babu shi, don haka muna roƙon duk wanda ya karanta wannan sanarwa ya kai labari ƙauye: shirun da ake ji yanzu na makoki ne, kada a kwana a kansa.

Za a yi masa sutura ranar Asabar da safe a ofishinmu. Ba za a goge shi ba. Kamar yadda al'adar sana'ar ta tanada, Munira za ta sa alamar #, mai nuna layi ya daina aiki, a gaban sunansa, ya kwanta a inda ya yi aiki. Ba ma buƙatar abinci ko tabarma. Masu zuwa ta'aziyya daga Ringim su tsaya a gada su duba inda ruwa ya kai, su zo mana da labari. In kuma ruwan ya hau hanya, mun yafe muku gaisuwar, ku koma ku fitar da iyali.