Rasuwar Tasalla a Hanyar Jiratawa

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da idanun da ba su bushe ba tun ranar Talata, ni Alhaji Ilyasu Mai Aya na unguwar Sabon Gari, Maradi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa sa hannu ya tura ta, rasuwar babbar motar gidanmu, Tasalla. Ta cika da hantsi a wani kwari dab da gonakin Jiratawa, bayan gajeriyar jinyar da ba ta kai tsawon shan kofin shayi ɗaya ba. Shekarunta arba'in da ɗaya a hannunmu, ban da waɗanda ta yi a Turai, da ba ta taɓa yarda ta faɗa wa kowa ba.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙan sa, shi ya shigo da ita gida ranar babbar salla, daga nan ta sami sunanta. Marigayiya mai haƙuri ce, mai kunya, ba ta wuce kowa a hanya sai jaki, shi ma sai ya tsaya cin ciyawa. Ba ta tashi da makulli. A kan gangaren ƙofar gida take kwana, da safe maƙwabta su taru su tura, ita kuma ta yi tarin nan nata, kyarrr, kyarrr, gum, ta turnuƙe su da hayaƙi don godiya. Kukan ƙahonta, fam-faaam, shi ne agogon matan layinmu. Da yawa daga cikin samarin Sabon Gari a bayanta suka yi ƙwanji, kuma ba su taɓa zuwa sun ce an gode ba.

Kayanta buhu ɗari da hamsin ne, na aya ko na gero ko na wake, a ɗora awaki a sama, a rataya kekuna a gefe. A gidanmu da buhu ake auna komai, haka Baba ya koya mana. In aka kawo kayan da ba buhu ba, sai ka zagaya shi sau ɗaya, ka auna da taku, ka daka shi da tafin hannu, ka ce wurin buhu kaza ne. Da wannan ilimi Tasalla ta ɗauki raƙumi a kwance, wurin buhu arba'in. Ta ɗauki rufin shago ɗungurungum, ta ɗauki tankin ruwa da ya fi ta faɗi, duk ta kai su lafiya, in ban da tankin da ya isa a ɗan lanƙwashe.

Dole in ambaci ƙanena Chaibu a nan, don labarin ba ya tafiya ba tare da shi ba. A kan Tasalla ya koyi tuƙi, shi ke wanke ta duk Juma'a tun yana tsayawa a kan tayarta kafin ya kai gilashi. Shekara tara da suka wuce ya tsaya a tsakar gida ya ce ta tsufa, a ajiye ta, wai kowane irin kaya da motar da ta dace da shi. Na faɗi magana, ya mayar, ya kwashe kayansa ya koma unguwar Zariya. Yanzu manyan motocin remok uku gare shi: mai shimfiɗaɗɗen baya, da mai ɗaukar kwantena, da wata doguwa mai tayoyi barkatai da cikinta ke kusa da ƙasa, wadda ake ɗaukar katafila da ita, suna ce mata fotishar. Yana yawo da mitar awo a aljihu kamar tela. Ni kuwa a ranar na rantse gaban iyali cewa ko allurata ba za ta hau ƙarfen Chaibu ba. Tun daga nan gaisuwarmu ta koma hannun matanmu.

Ciwon ajalin marigayiya ya zo ne ta hannun Malam Maman Lawali, shugaban wata ƙungiyar masu noman rani a Jiratawa. Sun sami babban gurup, wato injin wutar da zai riƙa tayar da famfunan rijiyoyinsu, yana ajiye a wani sito a Tibiri. Tsohon injinsu ya mutu, dashen tumatir da barkono ya kwana uku ba ruwa. Ya same ni a shago ya zayyana mini, sannan ya ƙara da abin da bai kamata ya ƙara ba.

"Alhaji, in kana ganin ya hi ƙarhin taka, sai in tahi wurin ƙanenka."

Ina shaida wa jama'a cewa wannan maganar ce ta kashe Tasalla. Nan take na dafa ƙirji na ce kafin azahar ta gobe ruwa na gudu a gonarsa.

Da sassafe muka isa Tibiri, ni da Ya'u, direban da ya yi shekara goma sha shida yana lallashin marigayiya. Na zagaya gurup, na auna da taku, na daka shi da tafi har hannuna ya yi zafi. Wurin buhu tamanin ne, ko rabin abin da ta saba bai wuce da yawa ba. Ya'u ya duƙa ya karanta wani ɗan faranti da aka manna a jikinsa, ya ce an rubuta tan goma sha biyu. Na ce Tasalla ta sha ɗaukar goma sha biyar tana dariya.

"Alhaji, buhu shina kwanciya ko'ina, daga kai har wutsiya," in ji Ya'u. "Wanga kuwa bisa ƙahwahu huɗu yake tsaye, nauyin duk wuri guda za shi zamna. Walle ina jin tsoro."

Na tambaye shi ko Chaibu ne ya ba shi karin kumallo.

Motar ɗaga kaya ta sauke gurup a tsakiyar bayan Tasalla, ita kuma ta ce kiiit. Na ɗauka maraba take yi masa. Muka ɗaure shi da igiyar da muke ɗaure buhunan aya. Muka ratso Maradi a hankali, gurup ya fi kanta tsawo nesa ba kusa ba, yana aske rassan dogonyaro, mu kuma ganye na zubo mana. Masu shaguna suna fitowa suna kallo, ni ina ɗaga musu hannu. Ban ɓoye ba, na sa Ya'u ya bi ta Zariya, ko da yake ba hanya ba ce, ya kuma danna ƙaho sau biyu a ƙofar wani gida.

Bayan mun sauka daga kwalta, ana hango koren gonaki, akwai wani kwari da ruwan damina ya ci. Tasalla ta sa ƙafafun gaba, ta yi nishi, ta sa na baya. Sai muka ji ƙwas. Ƙashin bayanta, wanda makanikai ke kira shasi, ya karye daidai ƙarƙashin ƙafafun gurup. Cikinta ya zauna a ƙasa, kanta ya dubi sama. Ƙahon ya yi kuka shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi, faaam, yana raguwa har ya ɗauke. Abin da ta faɗa na ƙarshe ke nan.

Manoma suka taho da fartanyoyinsu suka kewaye mu. Na so a ce Maman Lawali ya zage ni, da na sami abin mayarwa. Sai ya tafi gonarsa ya tumɓuko dashen barkono ɗaya da ya langaɓe, ya miƙo mini, ya koma gefe ya tsuguna. Na zauna a matakalar marigayiya da barkonon a hannu, kunya ta rufe ni har ban iya ɗaga kai. Gonar mutum sama da sittin na ƙonewa, ga wutarsu a bayan gawa, ana hangen rijiyar. Na ciro waya na kira maiɗakina Hajiya Rabi ta ba ni lambar Chaibu, don na goge ta tuntuni. Ba ta duba ko'ina ba, da ka ta karanto mini.

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Yaya? Kana ina?" Ban gama bayani ba ya ce ga shi nan.

Ya zo da fotishar da motar ɗaga kaya. Ya ciro mitar nan da na daɗe ina yi wa dariya, ya auna gurup tsawo da faɗi da tsayi. Ya sa aka mayar da shi kan fotishar, ya shimfiɗa manyan katakai a ƙarƙashin ƙafafunsa don nauyin ya bazu, ya ɗaure shi da sarƙa ta kusurwa huɗu. Kafin la'asar ruwa na gudu a kwalbatocin Jiratawa. Duk wannan aiki bai ce mini ai na faɗa maka ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da Ya'u da ciwon ƙugunsa, da Shamsu makanike wanda ya fi sanin cikinta fiye da cikin ɗakinsa. Ta bar tayoyi shida da ba su haɗa uwa ba, da tamfol mai faci tara, da dutsen da ake sa mata a taya, da kajin Hajiya Rabi da ke ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba, waɗanda har yanzu ba a san yadda za a faɗa musu ba.

Sauran batun ɗaukar gawa. Na ce a kawo tarakta ta ja ta, Chaibu ya ce mai karyayyen baya ba a jan ta, sai dai a ɗauke ta a kwance, kuma duk wanda ke wurin ya san motar da za ta iya. Na tuna rantsuwata, na ce masa to, fito da mitarka ka auna ta. Bai ko taɓa aljihu ba.

"Haba Yaya, ni za ni auna Tasalla? Mita tara ce ba kaɗan, tan bakwai in ba kaya. Nan Baba yab buge mani hannu ranar da nis sa ta cikin katangar Malam Idi."

Ya dafa murfin injinta, ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Ni kuma ƙura ta shiga mini ido, ko da yake ƙasar a jiƙe take.

Za a yi rakiyar marigayiya ranar Alhamis da hantsi, daga kwarin da ta cika zuwa gangaren ƙofar gidanmu a Sabon Gari, inda za ta huta ba mai sake tura ta. Ana roƙon masu sayen tsohon ƙarfe kada su zo ta'aziyya da sikeli. Malamin unguwa ya ce in ciyar da miskinai goma kaffarar rantsuwata, don haka tuwon da za a gani a zaure yana da masu shi, attajiran layinmu su kama kansu. Za a karɓi gaisuwa kwana uku, amma ba za a amsa tambayar buhu nawa ne ba.

Makarar ita ce fotishar, Chaibu ne zai tuƙa da kansa. Ya aiko a ce mini in fito da wuri, kujerar gefensa tawa ce. Na riga na leƙa ta da ido: wurin buhu ɗaya da rabi ne, zai ishe ni.