Gonar da Na Kai Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama manomi na rabin yini. Lokacin kullen korona ne, shagona na labule a kasuwar Sabon Gari yana rufe, aljihu ya bushe ƙayau, ga maganar aurena da Zainab ta kankama. Sai na ji a rediyo gwamnati za ta ba manoma tallafi. Sharaɗin ɗaya ne: jami'i zai zo ya ɗauki hotonka a cikin gonarka.

Nan na tuna ai ina da gona! Gadon mahaifina ce a ƙauyenmu (rabona da ita tun ina yawo da gajeren wando, amma gado ai gado ne). Murna ta ɗebe ni, na bi unguwar Rijiyar Lemo ina shela, har gaban mahaifin Zainab na tsugunna na ce, "Alhaji, ai ni asalina manomi ne, labulen nan rufin asiri ne kawai."

"Madalla," in ji shi. "Ni zan kai ka a motata, in ga gonar da za ta ciyar da 'yata."

Mai hankali daga nan zai fara zufa. Ni kuwa sai na je na sayo sabuwar fartanya, na kai shaddata guga.

Mun tarar da jami'in a bakin ƙauye. Abin da na riƙe a kaina kawai shi ne akwai tsamiya a gefen gonar. Ina hango tsamiya, ga masara koriya shar ta fi ni tsawo, sai na ce a raina lallai 'yan uwa sun riƙe amana. Na kutsa ciki, na saɓa fartanya, na washe baki. Har bayanin taki na yi wa Alhaji (ni da ban san kalar taki ba), yana ta gyaɗa kai.

Jami'in ya ɗaga waya ke nan sai masarar ta motsa, wani dattijo ya fito yana share gumi.

"Sannunku. Lafiya kuke ɗaukar hoto a gonata?"

Na ce, "Baba, gonar marigayi Malam Sani ce, ni ɗansa ne."

"Allah sarki, kai ne? Allah Ya jiƙan Malam. Ai taku ga ta can, bayan tsamiyar."

Muka juya gaba ɗaya. Fili ne fetal, ko ciyawa babu, an kafa itace biyu nan, biyu can. Samarin garin sun yi shekara da shekaru suna buga ƙwallo a ciki.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Jami'in ya ɗauki dattijon hoto a masararsa, ya wuce. Alhaji kuwa kafaɗunsa kawai nake gani suna rawa. Sai da muka shiga mota ya goge hawayen dariya ya ce, "To, 'yata dai ba za ta ci ƙwallo ba. Ka riƙe labulenka da kyau."

Ya ba ni Zainab, alhamdu lillahi. Amma har yau in na je gaisuwa, tun daga zaure yake ɗaga murya: "A kawo wa Sarkin Noma tabarma!"

Tun daga ranar na koyi cewa kafin ka gayyaci suruki kallon dukiyarka, ka fara zuwa kai kaɗai ka leƙo ta.