Audugar Kawu Ta Koma Gona

Lokacin da auduga ke tashe, na dawo Danja daga koyon zane mai motsi a Zariya, ina ji da kaina. Na zana Kawu yana cirar auduga, kowane motsi da takardarsa: manyan motsi tukuna, sannan ƙananan da ke tsakani. An koya mana sa wa kowace takarda lamba, amma ni gwani ina ruwana da lamba?

Na tara mutanen gida, na karkaɗa takardun da yatsa don hoton ya motsa. Ashe a juye na jera su. Sai ga Kawu yana zaro auduga daga buhu, yana liƙa wa itacenta.

Kawu ya ce, "Ikon Allah! Ni ɗin ne kuwa."

Har yau, in auduga ta yi kwantai, sai ya ce, "Ku kira ɗana ya mayar mana da ita gona."