Rasuwar Baba Agba, Fayil Mai Layi Dubu Goma Sha Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma idon da ya kasa ɗagowa, Gbolahan Akinwumi, mai rubuta manhaja a wani kamfanin motocin safa da ke Yaba, Legas, yana sanar da rasuwar fayil ɗinsa na JavaScript, wanda ofis ke kira Baba Agba, wato dattijo da Yarbanci. Ya cika ranar Juma'a da hantsi, yana da shekara tara.

An haifi marigayin da layi arba'in kacal, aikinsa ya sauya launin maɓalli idan fasinja ya zaɓi kujera a shafin kamfanin. Daga nan duk abin da Oga ya nema, sai Gbolahan ya ce, "A zuba wa Baba." Kalanda, taswira, rangwamen Kirsimeti, duk cikinsa. Allah sarki, bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. Ba a jin muryarsa sai kukan fankar kwamfuta, fuuuu, idan burauza ta ɗauko shi da ƙyar.

Mai haƙuri ne, ba ya kai ƙara. Gaskiyar magana, koya masa aka yi ya haɗiye kowane kuskure shiru, ya nuna wa fasinja "An yi nasara". Wanda ya koya masa kuwa Gbolahan ne. Amma duk ranar da shafi ya ƙage, sai ya girgiza kai ya ce, "Aikin Dubem ne, hannunsa ba shi da tsabta." Shekara uku ke nan da aka sallami Dubem Okwuosa, abokin aikinsa, a kan wannan magana. Gbolahan har kwali ya taya shi ɗauka zuwa bakin titi.

Jinyar ƙarshe ba ta yi tsawo ba. Ana jajiberin tafiyar Kirsimeti, marigayin ya sayar wa mutum sittin da uku kujera ta goma sha huɗu, kowa an yi masa albishir da nasara. Suka haɗu a tasha da buhunansu. Wata mama ta zauna a kai ta ce sai dai a tafi da gawarta.

Morenike Ajibade, shugabar sashen, ita ta binciki gawar marigayin. Ta buɗe tarihin fayil, inda kowane layi ke ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi. Ta yi ta gangarawa har ƙarshe.

"Yaya Gbolahan," in ji ta, "Dubem layi shida ya rubuta a nan. Kuma su kaɗai ne ke aiki."

Gbolahan ya so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba.

Marigayin ya bar abubuwa masu suna abu, abu2 da abu2_na_gaske, waɗanda ba wanda ya san danginsu, da gargaɗi tara na "Kada a taɓa nan", da uba ɗaya mai jin kunya.

Za a yi jana'iza ranar Laraba, ƙarfe goma na safe, a ɗakin taro. Za a yanka shi ƙanana ƙanana, kowane yanki da aikinsa da gwajinsa. Babu anko, babu makaɗa, akwai amala. Kafin a rufe shi, Gbolahan zai miƙe tsaye ya karanta sunan mai kowane layi da bakinsa. Shi ya nemi hakan. Ya kuma aika wa Dubem goron gayyata, ya rubuta masa komai bai rage ba.

Amsa ta iso jiya: "Zan zo. Ka ɗaga murya."